Karatun wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa a Amurka: yadda ake zaɓen jami'ar da aljihu zai ɗauka

Wane irin karatu ne wannan, har ake ware masa digiri guda?

Wasan dandamali ne da ake haɗa magana da waƙa da rawa a cikin labari ɗaya, irin wanda ake yi a gidajen wasa 41 na Broadway a birnin New York. Wanda ya saba da fina-finan Kannywood zai gane tsarin, amma akwai bambanci babba. A fim ɗin Hausa mawaƙi ne ke rera waƙar a situdiyo, jarumi kuma ya hau ta yana motsa baki. A nan kuwa ɗan wasa da muryarsa yake waƙar a gaban jama'a, yana cikin rawa, sau takwas a mako, ba damar a ce a yanke a sake. Shi ya sa ake shekara huɗu ana koyon murya da taka rawa da kwaikwayo tare. Jami'ar Cincinnati ce ake yawan ambata a matsayin wadda ta fara ba da irin wannan digirin, a ƙarshen shekarun 1960.

Nawa ake kashewa?

Ya danganta da ƙofar da ka ƙwanƙwasa. Jami'o'i masu zaman kansu irin su Jami'ar New York (NYU) da Carnegie Mellon, idan aka haɗa kuɗin karatu da ɗaki da abinci da littattafai, sun haura dala 80,000 a shekara. Na gwamnatocin jihohi kuma farashi biyu gare su: na ɗan jiha da na baƙo, wato wanda ba ɗan jihar ba. A Jami'ar Michigan ɗan jihar yana biyan ƙasa da dala 20,000 kuɗin karatu zalla a shekarun farko, baƙo kuwa fiye da ninki uku. A Florida State ɗan jiha ba ya kai dala 7,000. Aji ɗaya suke zama, malami ɗaya ke koyar da su, takardar shaida iri ɗaya za su karɓa.

Sai dai kada farashin da aka rubuta ya firgita kowa, kuma kada ya yaudari kowa. Kamar a kasuwa ne: kuɗin da mai kaya ya fara ambata daban, wanda ya sallama daban. Jami'o'i masu zaman kansu da yawa suna zaftare kaso mai tsoka da sunan tallafi, har ta kai wadda ta sa farashi mai tsada ta koma ƙasa da ta gwamnati ga baƙo. Tun 2011 doka ta wajabta wa duk makarantar da ke cikin tsarin tallafin gwamnatin tarayya ta ajiye manhajar lissafi a shafinta na intanet, inda iyali za su shigar da abin da suke samu a shekara, ta fitar musu da kimanin abin da za su biya da gaske. Wannan adadin shi ne abin dubawa.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Makaranta mai sauƙin kuɗi ba za ta rage wa yaro daraja ba?

A wannan sana'ar, a ganina, karin maganar ba ta cika aiki ba. Ranar tantance 'yan wasa, masu ɗauka suna ba mutum minti ɗaya ko biyu ya rera ɗan yanki na waƙa. Muryar suke saurare, tsayuwarsa suke kallo. Sunan makaranta yana iya buɗe ƙofar farko, musamman wajen samun dillalin da zai riƙa nemo wa mutum aiki, amma ba ya rera waƙa a madadin kowa. Kristin Chenoweth da Kelli O'Hara, waɗanda kowaccensu ta ci Tony, babbar lambar yabo ta wasannin Broadway, a Jami'ar Oklahoma City suka yi karatu, nesa da New York. Makarantu irin su Texas State da Ball State da Western Michigan da Wright State da Montclair State duk na gwamnati ne, kuma duk suna da sashen wannan fanni da ake zuwa nema daga wasu jihohi.

Abin da ya fi sunan makaranta tasiri a rayuwar ɗan wasa shi ne bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan sana'a ba ta da albashin ƙarshen wata. Mafi ƙarancin abin da ake biyan ɗan ƙungiyar 'yan wasa ta Equity a Broadway ya wuce dala 2,000 a mako, abin sha'awa a takarda. To amma wasa yana iya rufewa bayan wata uku, kuma galibin mambobin ƙungiyar ba a Broadway suke aiki ba. Wanda ya fito da bashi mai nauyi dole ya kama aikin da zai biya shi duk wata, aikin kuma ya hana shi zuwa tantancewar da ake yi da safe a ranakun aiki. Sai ka ga digirin da aka ciwo bashi dominsa ya zama shi ne ya raba mutum da dandamalin.

To bashi nawa ne bai wuce hankali ba?

Gwamnatin tarayya da kanta ta shata wani layi. Ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa yana iya karɓar rancen dala 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 a ta uku da ta huɗu, jimilla 27,000. Duk abin da ya haura haka yakan koma wuyan iyaye ko bankuna masu ruwa mai yawa. Ni dai da za a tambaye ni, makarantar da ba za a iya gamawa da wannan adadin ba, a bar ta. Iyalai masu ƙaramin ƙarfi kuma akwai tallafin Pell da ba a biya, wanda mafi yawansa dala 7,395 ne a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. Duka biyun ta hanyar cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, ake samunsu.

Akwai dabarar da baƙo zai biya kuɗin ɗan jiha?

Akwai, kuma iyaye da yawa ba su san da ita ba. A Texas, ɗalibin da ya ci tallafin gasa na dala 1,000 ko fiye daga jami'ar gwamnati ana iya mayar da shi kan farashin ɗan jiha, wanda ke nufin tallafin dubu ɗaya ya sauke masa nauyin dubbai. Jihohin yammacin ƙasar suna da yarjejeniyar WUE, inda ɗan wata jiha a yankin ba zai biya fiye da ninki ɗaya da rabi na kuɗin ɗan gida ba. Jihohin kudu ma suna da tasu ga fannin da babu shi a jihar ɗalibi. Ba kowace jami'a ko kowane sashe ke ciki ba, sai an tambaya.

BFA ko BA?

Nau'i biyu ne na digirin farko a wannan fanni. BFA horo ne na sana'a, kusan kashi biyu cikin uku na darussa a ɗakin atisaye ake yinsu. BA ya fi sakewa, mutum na iya haɗa shi da wani fanni, kuma da yawa ba sa buƙatar tantancewa. Mai son ya riƙe wata igiya ta biyu, BA ya fi masa.

Me ya sa ake cewa neman gurbin ma kansa yana cin kuɗi?

Saboda ƙofa biyu ake bi: jami'a ta karɓe ka ta fuskar sakamako, sashen wasa kuma ya karɓe ka ta fuskar fasaha. Sassan da suka yi suna ɗaruruwa ke nema, wasu fiye da dubu, a ɗauki ashirin ko talatin. Don haka ɗalibai kan nemi makarantu goma zuwa sama, kowacce da kuɗin fom, wasu da kuɗin duba bidiyon share fage daban. Ga kuɗin jirgi, ga otal, ga hoton da ake miƙawa, ga mai kaɗa piyano. Hanyar rage wannan ita ce taron tantancewa na haɗin gwiwa da ake yi a New York da Chicago da Los Angeles a watannin Janairu da Fabrairu, inda makarantu da dama ke taruwa wuri guda, tafiya ɗaya ta wadatar. Marasa hali su nemi a yafe musu kuɗin fom, ana yafewa.

Kafin a sa hannu, me za a tambayi makarantar?

Tallafin na shekara huɗu ne ko na farko kawai, kuma wane maki ake so a riƙe don kada ya faɗi? Darasin murya na mutum ɗaya da malami yana cikin kuɗin karatu ko ana cajinsa daban? Bajekolin da 'yan ajin ƙarshe ke zuwa yi a New York gaban dillalai, wa ke ɗaukar nauyin tafiyar? Ana sallamar ɗalibai bayan shekara ta biyu idan ba su gamsar ba? Sannan a dubi lafiyar aljihun makarantar ita kanta. A Yunin 2024 University of the Arts da ke Philadelphia ta rufe da sanarwar mako ɗaya kacal, ɗalibanta suka watsu neman inda za su ƙarasa.

Idan takardun tallafi sun iso a Maris ko Afrilu, ba laifi ba ne a rubuta wa makarantar da ake so a nuna mata tayin da wata ta yi, a roƙi ƙari. Wasu na ƙarawa. Ranar 1 ga Mayu ce yawancinsu ke jiran amsa.

Wanda zai taso daga Kano ko Kumasi fa?

Shi lissafinsa daban ne. FAFSA da Pell na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin, ɗalibin waje ba shi da rabo, kuma a jami'ar gwamnati farashin baƙo zai biya. Kafin makaranta ta ba shi takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar karatu, sai ya nuna shaidar kuɗin shekara guda, sannan ya biya dala 350 na SEVIS, rajistar ɗaliban waje, ban da kuɗin biza. Da bizar ɗalibai ta F-1 aikin awa 20 a mako kawai aka yarda masa lokacin karatu, a cikin harabar makaranta, bayan ya gama kuma izinin aiki na wata 12. A 2025 gwamnatin Amurka ta ɗora takunkumin biza a kan ƙasashe da dama, ciki har da Chadi da Sudan, kuma jerin yana sauyawa, don haka a fara bincikar matsayin fasfo kafin a biya ko kuɗin fom ɗaya.