Kurege da tsuntsun kolibri a lambunan gidajen Amurka

Kolibri ƙaramin tsuntsu ne mai shan zumar fure, na dangin Trochilidae, wanda ba a samunsa a ko'ina sai nahiyar Amurka, daga Alaska zuwa kudancin Ajantina da Chile. Nau'o'insa sun haura 350. A kamanni yana tuna wa Bahaushe sha-kauci, amma ba dangi ɗaya ba ne. A Amurka da Kanada mutane kan rataye masa kwalbar ruwan sukari a bayan gida, kuma da yake kurege na yawan kai wa wannan kwalba farmaki, masu gidaje sukan ɗora masa laifi idan tsuntsayen suka ragu.

Tarihin haɗuwarsu

Kuregen bishiya mai launin toka (Sciurus carolinensis), wanda nauyinsa kan kai giram 400 zuwa 600, ba shi da yawa a biranen gabashin Amurka a farkon ƙarni na 19. Da gangan aka sake shi a wani dandali na Filadelfiya wajen shekarar 1847, sannan a Boston da New Haven, daga baya kuma a babban lambun Central Park na New York cikin shekarun 1870, domin ƙawata wuraren shaƙatawa. Daga nan ya bazu cikin unguwanni, inda itatuwan da aka shuka da kuma abincin da mutane ke ba shi suka sa ya hayayyafa.

Kwalbar ruwan sukari ta zo a baya. Ana danganta samfurinta na gilashi da Laurence Webster, wanda ya ƙera ta a jihar New Hampshire wajen ƙarshen shekarun 1920 ko farkon 1930, kuma an fara sayar da irinta a kasuwa wajen 1950. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne sukari kashi 1 cikin ruwa kashi 4. Wannan al'ada, tare da shuka bishiyar turare da furannin ƙetare, na cikin dalilan da suka sa nau'in kolibri mai suna Calypte anna, wanda a farkon ƙarni na 20 yake ƙyanƙyasa a kudancin Kalifoniya da arewacin yankin Baja na Meziko kaɗai, ya kai har British Columbia ta Kanada.

A bakin kwalba

Kurege yakan karkata kwalbar ya zubar da ruwan, ko ya gurgure bakin robar har ta yi yoyo. Idan ta bushe, tsuntsayen sai su koma maƙwabta ko furanni, don haka abin da ya ragu shi ne adadin da mai gida ke gani ta tagarsa. Baligin kolibri ya fi ƙarfin kurege wajen zafin nama.

A sheƙa

Nan ne haɗarin yake. Macen kolibri nau'in Archilochus colubris, mai nauyin giram 3 ko sama da haka kaɗan, ita kaɗai take gina sheƙa da saƙar gizo-gizo da gansakuka, ta yi ƙwai biyu, ta kwanta a kai kimanin mako biyu. Kurege, musamman ja mai suna Tamiasciurus hudsonicus, sananne ne wajen cin ƙwai da 'ya'yan tsuntsaye. Sai dai a binciken da aka wallafa a 2015 kan tsaunukan Chiricahua na Arizona, tsuntsaye dangin hankaka ne suka fi ɓarna, har ma kolibrin da suka yi sheƙa kusa da ta shaho suka fi tsira, saboda maharan na tsoron wurin.

Sauran dalilai

Raguwar da ake gani a farkon bazarar can galibi ta lokaci ce, domin mata na kan ƙwai ko suna farautar ƙwari don ciyar da 'ya'ya, namiji guda kuma yakan kori saura daga kwalba. Adadin yakan ƙaru a Yuli da Agusta kafin ƙaura zuwa Meziko da Amurka ta Tsakiya. Nau'in kolibri mai suna Selasphorus rufus ya ragu da fiye da rabi tun 1970, kuma masana sun fi danganta hakan da asarar daji, sauyin yanayi da magungunan ƙwari. A cikin gida kuwa, kyanwa da gilashin taga na kashe tsuntsayen kai tsaye.