Cibiyar da ta ƙi faɗuwa

Ƙaya ta soki yaro a gona, kafin gari ya waye wurin ya kumbura, bayan kwana biyu ya tara mugunya. Uwa kan tsorata, amma wannan alama ce masu gadin jiki sun iso. Mugunya galibi gawarwakin fararen ƙwayoyin jini ce, waɗanda suka mutu a fagen fama. Sai dai akwai wata cutar gado da ke hana waɗannan dakaru isa wurin rauni, ita ce kuma kan sa cibiyar jariri ta ƙi faɗuwa.

Ta yaya suka gane wurin? Naman da ya ji rauni yana sakin wasu sinadarai, kamar yadda ƙanshin ƙosai ke jan mai yunwa har bakin kasko. Farin jinin da ke gudu cikin jijiya sai ya rage sauri, ya riƙa mirginawa a jikin bangonta, ya kafe da wasu ƴan ƙugiyoyi, sannan ya kutsa waje ya bi ƙanshin. Umarnin ƙera ƙugiyoyin nan a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado. Ɗaya daga ciki, wadda likitoci ke kira ITGB2, kowa na karɓar ta biyu: guda daga uba, guda daga uwa.

Idan duka biyun suka zo da tangarɗa, dakarun na nan birjik cikin jini, sai dai babu ƙofar fita. Gwaji ya nuna farin jini ya yi yawa, ga gyambo na ci, amma ko ɗigon mugunya babu. Alamar farko a cibiya take. Ta lafiyayyen jariri kan faɗi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ta mai wannan cuta kuwa sai ta haura wata guda, gindinta ya yi ja ya kumbura. In ya fara haƙori, dasashi ya dinga ruɓewa.

Cutar ba ta da yawa, kusan mutum 1 cikin miliyan. Amma tafiyarta irin ta sikila ce: in uwa da uba duk suna ɗauke da ita, su lafiya lau, amma kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai cutar. Auren zumunci, wanda muka saba da shi a Sakkwato, yana ƙara haɗa masu ɗauke da ita. Ba na cewa a daina ba. In dai an taɓa rasa jarirai a dangi da irin wannan ciwo, a gaya wa likita, kada a jingina wa maita.

Roƙona ga ungozoma da kakanni: kada a ja cibiya, kada a sa mata toka, kashin shanu ko man goge baki. Man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti ya wadatar. Ja, wari, zazzaɓi ko ƙin shan nono, a kai jariri asibiti ranar. Cibiyar da ta wuce mako uku tana nan, a nemi a tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a duba jininsa.