Waiwaye: Yadda aka fara da injin wankin ƙoda, aka bar gwajin fitsari a baya

A watan Mayun 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba ya amince da ƙudurinsa na farko a kan lafiyar ƙoda, wanda ƙasar Gwatamala ta jagoranta. Ƙudurin ya buƙaci ƙasashe su shigar da rigakafi da gano cutar tun da wuri cikin aikin ƙananan asibitoci. Ƙungiyoyin likitocin ƙoda na ƙiyasta cewa mutum miliyan 850 ne ke da wani nau'i na ciwon ƙoda a duniya, akasarinsu ba su ma sani ba. Ƙudurin ya makara ƙwarai, kuma dalilin makarar yana cikin tarihin yadda aka tunkari cutar tun farko.

A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, likita Willem Kolff na ƙasar Holan ya haɗa injin farko mai tace jini a wajen jiki. Sai a 1945 aka samu marar lafiyar da injin ya ceta. A 1954 Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a Boston, tsakanin wasu tagwaye. Wankin ƙoda na dindindin kuwa bai yiwu ba sai 1960, da Belding Scribner ya samar da bututun da ake bari a hannu, sannan a 1966 aka zo da dabarar fistula, wato a ɗinke jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi a wuyan hannu, ta yi kauri yadda za ta jure sukar allura a kai a kai. Tun lokacin kuɗi ya zama matsala. A birnin Siyatil har kwamiti aka kafa mai zaɓar wanda za a ɗora a inji da wanda za a bari, kafin gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin wankin a 1972.

Nijeriya ta bi wannan sawun. An buɗe sashen wankin ƙoda na farko a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 1981. Dashen farko an yi shi a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi nasa a 2002, na Maiduguri a 2010. Nasarori ne na gaske. Sai dai mun gaji injin, ba mu gaji asusun da ke biyan kuɗinsa ba.

Ƙa'idar wanki sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama. A zama ɗaya lita 120 ta tataccen ruwa ke bi ta matacin injin, ban da wanda na'urar tace ruwa ke zubarwa, wanda kan kai jimillar ɗaruruwan lita. Ga wuta, ga mataci da bututai da ake jefarwa bayan kowane zama, kusan duk daga waje ake shigo da su. Marar lafiya kuma yakan iso ne a kurarren lokaci, da kumburi da amai da haki, ba lokacin jiran fistula da ke buƙatar mako shida zuwa takwas kafin ta nuna. Dole a soka masa bututun wucin gadi a wuya ko a matsematsi, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga jini. Dangi su yi karo-karo, a sayar da gona, daga sau uku a koma sau ɗaya a mako, daga nan sai ranar da numfashi ya sarƙe. Wani nazari da aka wallafa a 2017 kan ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na manyan da suka fara wanki sun daina. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga kusan naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Sauƙi ne, amma a lissafa: zama goma sha biyu a wata naira 144,000 ke nan, ban da allurar ƙarin jini da kuɗin mota.

Tunani ya fara juyawa a 2002, lokacin da Gidauniyar Ƙoda ta Amurka ta fitar da ma'ana ɗaya da matakai biyar na ciwon ƙoda mai daɗewa. Kafin nan kowane likita da sunan da yake kiran cutar, kuma ba a cika kula da ita ba sai ƙodar ta tsaya. Ma'anar ita ce ƙarfin tacewar ƙoda ya sauka ƙasa da 60 a ma'aunin da ake lissafawa daga gwajin jini, ko a samu alamar lalacewa kamar furotin a fitsari, har tsawon wata uku. A 2006 aka fara Ranar Ƙoda ta Duniya, Alhamis ta biyu a watan Maris. A 2012 aka ƙara yawan furotin ɗin fitsari cikin ma'aunin haɗari.

Abin da ya sa gwaji ya zama dole shi ne, kowace ƙoda na da ƙananan matatai kusan miliyan guda. Idan wasu suka mutu sai sauran su ɗauki aikinsu, mutum ya ci gaba da harkokinsa lafiya lau har ya rasa fiye da rabin ƙarfin ƙodarsa. Ciwon baya da mutane ke dangantawa da ƙoda, mafi yawansa na tsoka ne ko na ƙashi.

Gwajin uku ne: awon hawan jini, gwajin fitsari, da gwajin kiriyatinin a jini, wato wani datti da ƙoda ke tacewa, wanda daga shi ake lissafa ƙarfin tacewa da ake rubutawa eGFR a takardar sakamako. A fitsari, mafi inganci shi ne auna albumin, wani nau'in furotin, a fitsarin farko na safe. Daga miligiram 30 a kowane giram na kiriyatinin zuwa sama, akwai magana. Inda babu wannan sai a yi da ɗan tsinken tsomawa, amma ba ya kama ƙaramin yoyon furotin. Zazzaɓi, al'ada, cutar mafitsara da aikin ƙarfi duk kan sa furotin ya fito na ɗan lokaci, don haka sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita cikin wata uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dubi kiriyatinin kaɗai a ce lafiya. Tsohuwa marar ƙiba na iya samun adadin da ya yi kama da daidai alhali ƙodarta ta yi nisa, saboda daga tsoka kiriyatinin ke fitowa. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai sikila, mai HIV, macen da ta taɓa jijjiga a ciki, da wanda cutar ke danginsu, kowa ya yi gwajin sau ɗaya a shekara.

In an gano da wuri akwai abin yi. Lisinopril ko losartan na rage hawan jini da yoyon furotin. Ana duba kiriyatinin da sinadarin fotasiyam mako biyu zuwa huɗu bayan farawa. Hawan kiriyatinin da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba bai isa dalilin dakatarwa ba, kuma an sha cire wa mutane magani mai amfani saboda wannan tsoron. Mai ciki ba ta sha, kuma ana tsayar da shi ranakun amai da gudawa. A 2020 gwajin dapagliflozin, wani maganin ciwon suga, ya nuna yana jinkirta lalacewar ƙoda har ga marasa ciwon suga, empagliflozin ya biyo baya a 2022. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen miya na cikin lissafin.

Arewa na da nata ƙarin. Yankin Gashuwa a Yobe da na Haɗeja a Jigawa sun daɗe da suna wajen yawan masu ciwon ƙoda, ana kuma ci gaba da bincike a kan ruwan sha, magungunan feshi da aikin gona cikin zafin rana, kamar yadda ake yi game da masu yankan rake a Amurka ta Tsakiya. Akwai kuma tsayawar ƙoda farat ɗaya, wadda kwalara, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, saran kububuwa da zubar jini bayan haihuwa ke jawowa. Ƙarin ruwa ko jini a kan lokaci na hana da yawa daga ciki. Tsakanin 2008 da 2009 gurɓataccen maganin haƙoran jarirai ya kashe yara 84 a Nijeriya ta hanyar lalata musu ƙoda. Ga haɗin maganin gajiya na kemis, wanda sau da yawa diclofenac da ibuprofen da piroxicam ne a ƙulli ɗaya, lebura ya afa da yamma bayan ya wuni yana zufa bai sha ruwan kirki ba. Ga tsargiya da ba a yi maganinta ba, mai toshe hanyar fitsari, da man bilicin mai sinadarin makuri.

Duk waɗannan a asibitin sha-ka-tafi ake iya tare su. Jihar da ke shirin sayen sababbin injina, ya kamata a kasafi ɗaya ta ware kuɗin na'urar awon hawan jini da tsinken gwajin fitsari ga kowane ƙaramin asibiti, da ɗakin gwajin kiriyatinin a kowace ƙaramar hukuma, da rajistar da za a riƙa kiran wanda sakamakonsa ya nuna furotin ya dawo bayan wata uku.