Waiwaye: Gasar girki a talabijin da saɓanin da ta jawo a gidajen Katsina

A gidaje da dama na birnin Katsina, daga Ƙofar Sauri har Ƙofar Ƙaura, in aka kamo shirin gasar girki bayan sallar isha'i, falo kan rabu biyu. 'Yan mata sun zura ido suna ƙirga abin da aka zuba a tukunya, iyaye kuwa suna ta girgiza kai. Wannan saɓani ba jiya ya faro ba.

Da can, girki a talabijin koyarwa ce. Mace za ta tsaya gaban murhu a NTA, ta nuna kayan miya ɗaya bayan ɗaya, ta dafa, a ɗanɗana, a yi sallama. Kamfanonin sinadarin ɗanɗano irin su Maggi ne suka fi ɗaukar nauyin irin waɗannan shirye-shirye. Ko da tashar Arewa24 ta zo a 2014, shirinta na Akushi da Rufi kan wannan turba ya hau: ba wanda ya ci gasa, ba wanda aka kora, ba mai kuka.

Gasar daga waje ta shigo. A 1990 BBC ta fara MasterChef a Ingila, cikin natsuwa. A 1993 Japan ta fito da Iron Chef, inda ake ba masu girki awa ɗaya tak da wani kayan abinci da dole kowane kwano ya ƙunsa. A 2005 aka sake wa MasterChef fasali, ya koma na sallamar 'yan takara ɗaya bayan ɗaya, kuma a shekarar ce mai girkin nan ɗan Birtaniya Gordon Ramsay ya buɗe Hell's Kitchen a Amurka, shirin da ya yi suna da tsawa da zagi da jefar da abinci a kwandon shara. Gasar gashin kek da burodi ta Birtaniya ta biyo baya a 2010, ita kuma da sanyin hali. Duk waɗannan sun iso mana ta tauraron ɗan'adam, daga baya wayar hannu ta ƙarasa aikin.

Masu suka, kalmar da ta fi yawa a bakinsu ita ce almubazzaranci. Mutumin da ya taso ana ce masa ya tsince ƙwayar shinkafar da ta faɗi ƙasa ba zai ga an kifar da nama cikin shara ya ji daɗi ba, balle a wannan zamani da kwanon masara ya zama abin lissafi. Sai kuma cin fuska. A tarbiyyarmu ba a kushe abinci gaban wadda ta dafa shi. In gishiri ya zarce, uwar miji kan ja amarya gefe ta faɗa mata, ba a tsakar gida ba. Ni ma ina tare da su a nan. Ban ga ilimin da ke cikin sa baligi kuka gaban duniya saboda miyarsa ta tsinke ba.

Amma masu son shirin ma suna da hujja mai nauyi, kuma ban yarda a yi watsi da ita ba. Sun ce gasar ce ta nuna wa yara cewa girki sana'a ce da ake alfahari da ita. A 2015 Nadiya Hussain, Musulma 'yar asalin Bangaladesh, ta ci gasar gashin kek ta Birtaniya da ɗankwalinta a kai, a shekara ta gaba kuma ita ta yi kek ɗin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 90. Yau ka duba yawan matan Katsina da ke sayar da kek da samosa da cincin daga ɗakunansu ta WhatsApp, suna ɗaukar odar biki da suna. Da yawansu a allo suka fara ganin yadda ake auna fulawa da sikeli.

Muhawarar ta sake zafi a watan Mayun 2023, lokacin da mai girki 'yar Najeriya Hilda Baci ta yi girkin kwanaki a Legas, hukumar kundin bajinta na duniya ta Guinness ta amince mata da awa 93 da minti 11. Wasu sun ce abin alfahari ne ga ƙasa, wasu suka ce mata nawa ne ke kwana a gindin murhu a gidan biki ba wanda ya ƙirga musu awa.

Abin da ni ya fi damuna shi ne agogo. Gasar da aka gina kan minti sittin ba ta da wurin ajiye abincinmu mafi daraja. Alkaki sai an ɓarza alkama, an kwaɓa, an rufe ya kwana ya yi tsami, sannan a murza a soya a tsoma cikin zuma ko sukari. Nakiya sai an jiƙa shinkafa, an soya gari, an kirɓa a turmi da man shanu da kayan ƙamshi har hannu ya gaji, shi ya sa take watanni ba ta lalace ba. Miyar kuka ma, in daddawa ba ta nuna a ruwan nama ba, kowa zai ji a baki. Yarinyar da ta iya kek mai hawa uku amma ba ta taɓa naɗa dubulan ba, ranar garar ƙanwarta sai an aika neman tsohuwar da ta iya, a Daura ko a cikin gari, kuma irin waɗannan tsofaffi kullum raguwa suke yi.