Kan jirgi mai tanki da taragun kewayen birni a kasuwar ƙananan jiragen ƙasa ta Birtaniya

A Birtaniya akwai masu sha'awar harhaɗa ƙaramin layin dogo a cikin gida, yawancinsu ma manya ne ba yara ba, za ka ga mutum ya ware ɗaki guda ko gareji ya shimfiɗa layi da tasha da gada da sigina, ƙananan jirage na yawo da wutar lantarki da ke bi ta ƙarfen layin. Cikin kayan da aka fi nema akwai kan jirgi mai tanki da taragun fasinjan kewayen birni, wato irin jirgin da ke kwaso ma'aikata daga unguwannin gefen gari da safe ya mayar da su da yamma a zamanin jirgin tururi, wanda ya ƙare a manyan layukan ƙasar a watan Agustan 1968. Dalilin farin jininsu bai wuce wuri ba: jirgi mai dogon zango na buƙatar tarago takwas ko goma kafin ya yi kama da na gaske, shi kuwa wannan da tarago biyu ko uku ya wadatar, ya shiga ɗan ɗaki.

Asalin abin da ake kwaikwaya

Kan jirgin tururi na dogon zango yana jan wani ɗan tarago a bayansa mai ɗauke da ruwa da kwal. Mai tanki ba ya jan komai irin wannan, ruwansa na jikinsa, kwal ɗinsa na cikin wani akwati bayan ɗakin direba, shi yasa yake tafiya gaba ko da baya duk ɗaya, in ya isa ƙarshen layi ba sai an juya shi ba, sai dai ya zagayo ya kama ɗaya gefen ya koma. Ana gane su ta lambobi kamar 0-6-2T, ma'ana babu ƙananan ƙafafu a gaba, shida ne masu tuƙi, biyu a baya, harafin T kuma na nufin tankunan suna gefe da gefe. PT na nufin an rataye su a jikin tukunyar da ke dafa ruwan tururi, ST kuma tanki ɗaya ne da ya hau kanta kamar sirdi.

Kamfanoni huɗu ne suka riƙe layukan ƙasar daga 1923 zuwa 1948 da gwamnati ta karɓe, wato GWR ta yamma da LMS ta tsakiya da arewa maso yamma da LNER ta gabas da arewa maso gabas da SR ta kudu, kuma kowanne da irin nasa. GWR ta ƙera nau'in 5700 har guda 863, ga kuma 6100 da ke aiki daga tashar Paddington ta Landan. LMS na da wanda ake wa laƙabi da Jinty. A kudu akwai M7 da ɗan mitsitsin nan Terrier na 1872. A arewacin Landan kuwa N2 ne, ƙirar injiniya Nigel Gresley ta 1920, da yawansu an sa musu bututun da ke mayar da tururi cikin tanki saboda ramukan ƙarƙashin ƙasa da suke bi zuwa tashar Moorgate.

Taragun su ma daban suke. Babu lungun da za ka bi daga wannan gefe zuwa wancan, an yanka tarago ɗaki-ɗaki ne, kowane ɗaki da ƙofarsa hagu da dama da benci biyu suna kallon juna, yawanci ko ban ɗaki babu, don dai jama'a su shiga su fita cikin ƙiftawar ido. Wanda ya fi ban mamaki shine Quad-Art na Gresley, tarago huɗu a haɗe kan rukunin ƙafafu biyar kacal saboda kowane biyu na raba ɗaya, kuma saiti biyu ake haɗawa su zama jirgi guda. Saiti ɗaya ya tsira, yana layin North Norfolk.

Ma'auni

Wanda ya fi cika kasuwa shine OO, milimita 4 a madadin kowace ƙafa ɗaya ta awo, wato 1:76, kan layi mai faɗin milimita 16.5. Sai N mai 1:148 da O mai 1:43.5, sannan kamfanin ƙera ƙananan jirage na Hornby ya shigo da TT:120 a 2022. Duk abin da za a faɗa na yawan kaya to OO ake nufi, sauran zaɓinsu bai kai nan ba.

Yadda kayan suka samu

Tun ranar farko da mai tanki aka soma. Lokacin da kamfanin Meccano na Liverpool ya fito da Hornby Dublo a 1938, kawuna biyu ya kawo, ɗaya na dogon zango ɗaya kuma 0-6-2T mai siffar N2, kuma shi ɗin dai aka riƙa shafa wa fentin kamfanoni daban-daban ana sayarwa ko da kamfanin bai taɓa mallakar irinsa ba. Kamfanin Tri-ang ya biyo da Jinty na roba a farkon shekarun 1950 mai araha. Canji na gaske ya zo ne a ƙarshen shekarun 1970 da kamfanonin Airfix da Mainline suka shigo da kaya masu kama da na ainihi sosai, Airfix ce ta yi 1400 da 6100 na GWR tare da taragun da suka dace da su, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

Yau manyan masu ƙerawa su ne Hornby da Bachmann, sai Dapol da Heljan da Rapido da Accurascale da Oxford Rail, kuma kusan duka a Chaina ake musu aikin. Ta ɓangaren kawuna gaskiya babu ƙorafi, da wuya ka ambaci sanannen mai tanki a ce ba a taɓa yinsa a OO ba, har ta kai ana maimaita abu ɗaya, misali a 2019 Hornby ta fito da sabon Terrier alhali shagon Rails of Sheffield ya riga ya sanar da nasa da Dapol ke yi masa. Inda gizo ke saƙar shine taragu. Kan jirgi mutum na iya sayensa don kyau kawai ya ajiye a kabad, tarago kuwa sai an yi mazubi daban wa mai ɗakin gadi, daban wa mai aji na ɗaya, daban wa mai aji na uku, kowane mazubi kuɗi ne masu yawa, ribar kuma ba ta kai ta kan jirgi ba. Shi yasa aka yi shekaru da yawa masu N2 na jan taragun da ba nasa ba, ko su sayi gutsattsarin roba na Ian Kirk su zauna su manna Quad-Art da hannunsu su yi fenti. Sai daga wajen 2011 ne Hornby ta fara cike giɓin da taragun kewayen birni na injiniyoyin LNER Gresley da Thompson, daga baya na LMS da na injiniya Collett na GWR, Bachmann kuma na da taragun nau'in Mark 1 da gwamnati ta ƙera bayan 1948.

To amma "an taɓa yi" daban, "akwai a shago" daban. Yanzu ba a ajiye kaya a kanta shekara da shekaru, rukuni-rukuni ake yi: a sanar, mutane su sa oda, a jira shekara ɗaya ko biyu ko fiye, kwantena ta iso, kafin ka farga fentin da aka fi so ya ƙare. Sai ka ga kan jirgi ya fito bana da fentin LNER alhali taragun da ke kasuwa duk jan fentin bayan 1948 ne, ko a samu masu aji na uku jibge amma mai ɗakin gadi, wanda jirgin fasinja ba ya tashi sai da shi, ya yi ɓatan dabo. Wannan rashin haɗuwar lokaci ita ce babbar matsalar mai son ya haɗa jirgi guda daidai da zamaninsa da yankinsa. Rufe shagon Hattons a farkon 2024, wanda aka kafa tun 1946 kuma yake aika kaya ƙasashen waje sosai, ya ƙara rage ƙofofin saye.

Na hannu

Kasuwar gwanjo ce ke rufa asiri, a eBay da shaguna da bajekolin da ƙungiyoyin masu sha'awar ke shiryawa. Sai dai a kula. Tsohon Hornby Dublo mai layin ƙarfe uku ba ya aiki a kan layin yanzu mai ƙarfe biyu. Ƙafafun Tri-ang na da kaurin baki, a kan siririn layi za ka ji suna karo da maƙalan ƙarfen suna tsalle. Kawunan Mainline an san su da tsagewar robar da ke riƙe gatarin ƙafafu, wasu samfuran kamfanoni daban-daban kuma ƙarfen gindinsu kan kumbura ya farfashe da kansa saboda gurɓataccen haɗin zinki, wannan ba shi da magani sai canji. Sababbin kuma yawanci ba sa shan kwanar da nisanta daga tsakiyar da'irarta ya gaza milimita 438, kuma wanda aka rubuta "DCC ready" a kwalinsa, wato a shirye yake don sarrafawa da na'urar dijital, soket kawai gare shi, ɗan allon da ke karɓar umarni sai ka saya daban.