Waiwaye: Yadda 'yan wasan hokin ƙanƙara mata suka rabu gida biyu a jami'o'in Amurka

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2024, da aka fara gasar ƙwararrun mata ta PWHL, wata tsohuwar muhawara ta sake tashi a Amurka. A watan Maris na shekarar, sama da mutum 13,000 suka cika zaure a Detroit, birni mafi girma a jihar Michigan, don kallon wasa guda na gasar. Nan mutane suka fara tambaya: yaya za a ce jihar Michigan, inda yara ke koyon zamiya a kan ƙanƙara tun suna tatata, ba ta da ko ƙungiyar mata ɗaya a rukunin farko na gasar jami'o'i ta NCAA? Masu jin zancen a karon farko sun ɗauka sabon abu ne. Alhali ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan ya daɗe da fara tsami.

Farkon labarin sananne ne. A 1964 ɗalibai mata na jami'ar Brown suka kafa ƙungiyar Pembroke Pandas, da kayan aro da kuɗin karo-karo. A 1972 aka yi dokar Title IX, wadda ta haramta bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A 1990 aka yi gasar duniya ta mata ta farko a Ottawa. A 1998 kuma Amurka ta doke Kanada 3 da 1 a Nagano, ta ɗauki zinare a karon farko da aka sa wasan mata a Olamfik. Duk mai ba da tarihin wasan nan yakan tsaya a kan waɗannan shekaru, daga nan ya yi tsalle zuwa yau.

Ni kuwa inda nake ganin hanya ta rabu shi ne kakar wasa ta 2000 zuwa 2001, kuma ba kasafai ake ambatonta ba.

Kafin lokacin, ba a ja layi sosai tsakanin ƙungiyar da jami'a ta ɗauki nauyinta da kulob ɗin da ɗalibai suka kafa da kansu ba. Ƙungiyoyin ba su da yawa, kowa na neman abokin karawa, don haka akan haɗu a buga ba tare da an tsaya binciken wa ke biyan kuɗin mota ba. Kulob a wancan zamani matakala ce: ku fara da aljihunku, ku nuna akwai 'yan wasa, wata rana jami'a ta karɓe ku. Da wannan fata kulob-kulob na tsakiyar ƙasar suka haɗa gasar CCWHA a 1996, galibinsu daga Michigan da jihohin da ke maƙwabtaka da ita. Kuma fatan bai zama mafarki ba, domin a 1997 jami'ar Minnesota ta kafa cikakkiyar ƙungiya, sannan a 1999 jami'o'in Wisconsin da Ohio State da Minnesota Duluth suka bi sahu.

Sai abubuwa biyu suka faru a kaka guda. NCAA ta shirya gasar cin kofin ƙasa ta mata ta farko, wadda Minnesota Duluth ta lashe a 2001. A daidai lokacin, ƙungiyar ACHA, da aka kafa a 1991 don kula da kulob-kulob na maza, ta buɗe sashen mata, kulob ɗin St. Cloud State ya ɗauki kofinsa na farko. Kowanne daga cikin biyun alheri ne, ba ni da ja a kai. Amma da suka zo tare, sai suka mai da abin da yake matakala ya zama gida na dindindin. Na sama suka samu tallafin karatu, da koci mai albashi, da likita, da lokacin atisaye na rana tsaka. Na ƙasa suka samu jadawali, da kofi, da suna mai daraja, amma lissafin kuɗi ya ci gaba da zama a wuyan ɗaliba da iyayenta. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki, kuma uwar ɗakin nan ta riƙe su da kyau har matsin da ke kan neman uwar ya ragu.

Abin da ya daskarar da wannan rabuwa, a ganina, ƙanƙarar ce kanta. Ƙwallon ƙafa fili take buƙata da raga biyu. Hoki kuwa sai da gini mai injin sanyi da ke aiki dare da rana, da motar gyaran ƙanƙara, da ɗakin canza kaya na kowace ƙungiya. Inda dandamali ɗaya ne tak, an riga an raba sa'o'insa tun kafin mata su iso: ƙungiyar maza, masu rawar ƙanƙara, yaran unguwa, masu biyan haya. Abin da ya rage shi ne sassafe ko tsakar dare, kuma shi ma sai kulob ya biya. Ɗaliba ta gama atisaye dare ya raba, ta wayi gari a aji, ƙarshen mako ta shiga motar da ita da ƙawayenta suka yi wa kuɗin mai. Ga shi kuma wajen cika sharaɗin Title IX, akwai wasannin da ke ɗaukar mata da yawa da kuɗi kaɗan, irin su tseren kwale-kwale, don haka hoki yakan koma ƙarshen layi ko da babu wanda ya ƙulla masa sharri.

Duk da haka kulob-kulob ɗin ba su zauna jiran tsammani ba. Yawansu ya ƙaru har ACHA ta buɗe rukuni na biyu na mata a kakar 2006 zuwa 2007. Kulob ɗin Michigan State ya ci kofin ƙasa a 2003, ya sake ci a 2011. Abin da ke sosa mini rai shi ne, a wannan shekara ta 2011 ɗin aka rufe ƙungiya ɗaya tilo da jihar ta taɓa samu a rukunin farko na NCAA, wato ta jami'ar Wayne State, saboda ƙarancin kuɗi. Yarinyar da ta yi fice a Detroit ko Grand Rapids zaɓi biyu ya rage mata: ta bar jiharta, ko ta zauna ta sauka daga matakin da take nema.

Waɗanda suka haura tun daga lokacin ba su da yawa, kuma labarinsu ya ƙara tabbatar da inda gizo ke saƙa. Jami'ar Lindenwood ta ci kofin ACHA sau 4 tsakanin 2006 da 2010 kafin ta koma NCAA a 2011, kuma tana da wurin ƙanƙara da take amfani da shi. Penn State ta haura a 2012 bayan attajiri Terry Pegula ya ba da kyautar dala miliyan 88 a 2010, aka gina zaure mai dandamali biyu. Ohio State, wadda ta shiga tun 1999 kafin ƙofa ta ƙuntata, ta ɗauki kofin NCAA a 2022 da 2024, a daidai lokacin da takwarorinta na Michigan, a tsallaken iyakar jihar, a gasar CCWHA, ke ci gaba da karo-karon kuɗin hayar ƙanƙara a farkon kowace kaka.