Koyar da bambancin mai kuɗi da talaka ta hanyar wasan allo

Koyar da bambancin mai kuɗi da talaka ta hanyar wasan allo dabara ce da malaman ilimin zamantakewa da na tattalin arziki ke amfani da ita, musamman a jami'o'i da makarantun sakandare na Amurka da Faransa. Malami kan ɗauko wasan da ake bugawa a kan kwali, dangin lido, ya karkatar da ƙa'idojinsa da gangan, yadda wasu ɗalibai za su fara da dukiya mai yawa, wasu kuma da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan an buga na wani lokaci sai a naɗe kwalin a zauna a tattauna abin da ya faru. Manufar ita ce ɗalibi ya ji a jikinsa abin da ya saba karantawa a jadawalin alƙaluma, wato yadda mafarin mutum ke yi wa ƙoƙarinsa iyaka ko da kowa na bin doka ɗaya. Wasan da aka fi amfani da shi shi ne Monopoly, wasan sayen kadarori da karɓar haya daga abokan wasa.

Asali

Monopoly kansa daga darasi ya samo tushe. A shekarar 1904 wata Ba'amurkiya mai suna Elizabeth Magie ta samu takardar mallakar wani wasa da ta kira The Landlord's Game, wato wasan mai gidan haya. Magie mabiyiyar ra'ayin masanin tattalin arziki Henry George ce, wanda ya yi kira da a ɗora haraji a kan darajar ƙasa, domin a ganinsa masu filaye na azurta kansu ne da gumin masu haya ba tare da sun ƙara komai ba. Ta tsara wa wasan ƙa'idoji iri biyu. A ɗaya, arzikin da aka samu na amfanar kowa. A ɗayan, mutum ɗaya ne ke tattare komai har sauran su tsiyace. Burinta shi ne masu wasa su gwada duka biyun su ga bambanci da idonsu.

Wasan ya yaɗu hannu da hannu, mutane na zana nasu kwalin a gida suna sa sunayen titunan garinsu. Scott Nearing, malamin tattalin arziki a Jami'ar Pennsylvania, ya riƙa amfani da shi wajen koyar da ɗalibansa. A 1935 kamfanin Parker Brothers ya sayi wani nau'insa daga hannun Charles Darrow ya fitar da shi da sunan Monopoly, ya kuma sayi haƙƙin Magie a kan dala 500 kacal. Ƙa'idar babakere ce ta rayu, ɗayar kuma aka manta da ita. Saboda haka malaman da ke karkatar da wasan a yau suna mayar da shi ne ga aikin da mai shi ta ƙirƙire shi dominsa tun farko.

Yadda ake tsara shi a aji

A Monopoly na yau da kullum kowa na farawa da dala 1,500 ta wasa, yana jefa 'ya'yan lido biyu, yana karɓar dala 200 duk lokacin da ya zagayo gidan farko. Kwalin na da gidaje 40, kuma 28 daga cikinsu kadarori ne da ake saye. Wannan daidaiton farawa shi ne abin da malamin ke rusawa.

Hanyar da aka fi bi ita ce a raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane tebur mutum huɗu ko biyar, a ba kowa matsayi ta hanyar ƙuri'a: attajiri, matsakaici, ɗan ƙwadago, talaka. Ana raba kuɗin farawa gwargwadon yadda kuɗin shiga ko dukiya ke rabe a ƙasar. A Amurka, alƙaluman babban bankin ƙasar na nuna cewa kashi 10 cikin ɗari na sama ne ke riƙe da wajen kashi biyu cikin uku na dukiyar iyalai, rabin jama'a na ƙasa kuma abin da ke hannunsu bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Wasu malaman kan ƙara da bambanta albashin zagayowa, ko su ba attajirin wasu kadarori a matsayin gado tun kafin a jefa ɗan lido na farko, ko su sa talaka ya fi daɗewa a gidan kurkuku na kwalin saboda ba shi da kuɗin beli. Akwai kuma nau'in da ake hana wasu shiga sai bayan sauran sun zagaya kwalin sau da yawa sun saye kadarori masu kyau. Ana yin wannan ne don nuna halin baƙar fatar Amurka da doka ta daɗe tana hana su mallakar gida a wasu unguwanni: ranar da aka ɗage dokar, fili ya riga ya ƙare.

Ƙananan abubuwa ne ke koyar da darasin. Gidan haraji na kwalin na cin dala 200 daga duk wanda ya faɗa masa. Ga mai dala 3,000 wannan ba komai ba ne, ga wanda ya fara da 300 kuwa kusan ƙarshen wasansa ke nan. Titin Boardwalk, mafi tsada a kwalin Amurka, dala 400 ake sayensa, kuma idan an gina masa otal hayarsa dala 2,000 ce. Talakan da ya fara isa wurin ba zai iya saye ba ko da sa'a ta kai shi, in ya dawo daga baya kuma haya zai biya. Sau da yawa akan ga ɗalibin da ke wannan hali yana addu'ar a jefa shi kurkuku, domin muddin yana can ba a bin sa kuɗin haya. Malami mai lura ba ya barin irin wannan ya wuce bai tayar da shi a tattaunawa ba.

Mujallar Teaching Sociology ta ƙungiyar masana zamantakewa ta Amurka ta wallafa nau'o'in wannan darasi da dama, ciki har da na Michael Jessup a 2001, na Catherine Coghlan da Denise Huggins a 2004, da na Edith Fisher a 2008.

StarPower da sauran wasanni

Wasa na biyu da ya shahara shi ne StarPower, wanda R. Garry Shirts ya ƙirƙiro a 1969. Ba shi da kwali. 'Yan wasa na musayar ƙananan tsabobi masu launi da daraja daban-daban. Bayan zagayen farko ana raba su gida uku bisa makin da suka samu, kowane gida da alamarsa: murabba'i, da'ira, da mai kusurwa uku. Abin da ba a faɗa musu ba shi ne jakar da 'yan sama ke ɗiba daga ciki ta fi tsabobi masu daraja. Daga nan sai a sanar cewa tunda sun nuna ƙwazo, an ba su ikon kafa dokokin sauran wasan. Kusan kullum dokokin da za su kare matsayinsu suke kafawa, 'yan ƙasa kuma su fusata, ko su yi tawaye, ko su naɗe hannu. Fifikonsa a kan Monopoly shi ne yana nuna yadda dukiya ke komawa mulki.

A 1978 Bertell Ollman na Jami'ar New York ya fitar da wasan Class Struggle don koyar da ra'ayin Karl Marx. A Faransa kuwa, cibiyar Observatoire des inégalités, mai bibiyar rashin daidaito a cikin al'umma, ta fitar da wani gajeren bidiyo a 2017 inda yara ke buga Monopoly da ƙa'idojin son kai, 'yan mata na karɓar albashi ƙasa da na maza, daga baya ta mayar da shi kayan koyarwa na makarantu. Ko kwalin Monopoly da ake sayarwa a kasuwa ma na ɗauke da darasin: a bugun Legas na 2012, unguwar attajirai ta Banana Island ce mafi tsada, unguwar talakawa ta Makoko kuma mafi araha.

Halin 'yan wasa

Paul Piff, masanin halayyar ɗan Adam, ya gudanar da gwaji a Jami'ar California da ke Berkeley, ya kuma ba da labarinsa a wani jawabi da ya yi a dandalin laccoci na TED a 2013. An haɗa mutane bibbiyu, aka jefa kwabo don zaɓar wanda zai zama mai kuɗi: kuɗinsa ninki biyu, albashinsa ninki biyu, yana jefa 'ya'yan lido biyu abokinsa na jefa ɗaya. A cewar Piff, cikin mintuna 15 masu kuɗin sun fara buga ɗan wasansu da ƙarfi a kan kwali suna taƙama, kuma da aka tambaye su dalilin nasararsu sai suka riƙa maganar dabarunsu, suka manta da kwabon. Malaman aji na ba da rahoton irin haka, tare da abin da ke faruwa a ɗaya ɓangaren: talakan wasa kan daina kula, ko ya fara satar kuɗin banki, ko ya roƙi attajiri ya yafe masa haya.

Suka da iyakoki

Darasin ya dogara ne kacokan a kan tattaunawar bayan wasa. In aka buga aka tashi ba a yi ta ba, ɗalibi na iya fita da tunanin cewa talauci rashin sa'ar ɗan lido ne kawai, alhali abin da ake son ya gane shi ne hannun mutane ne ya rubuta ƙa'idojin. Masu suka na kuma cewa Monopoly ba ya kama da tattalin arziki na gaske, domin a cikinsa ba a ƙirƙirar sabon abu, ribar wani asarar wani ce, kuma malami ne ya riga ya tsara sakamakon da yake so. Wannan suka na da ƙarfi, kuma shi ya sa wasan bai isa ya zama hujja ba sai an haɗa shi da alƙaluma da tarihi. Yawancin binciken da aka yi a kan tasirinsa ma ya tsaya ne a kan abin da ɗalibai suka faɗa jim kaɗan bayan darasin, a azuzuwa ƙanana.

Matsalar da ta fi nauyi ta shafi ɗaliban da talauci ba wasa ba ne a wurinsu. Yaron da iyayensa ke fama da kuɗin haya, in ƙuri'a ta ba shi matsayin talaka ya zauna abokansa na dariya yana tsiyacewa, abin na iya yi masa ciwo. Don haka ƙwararrun malamai ke raba matsayi ta ƙuri'a a bainar kowa, su ba duk wanda ba ya so damar zama ɗan kallo mai rubuta abin da ya gani, kuma ba sa tilasta wa kowa ya ba da labarin gidansu a lokacin tattaunawa.